Landan zuwa New York: Nisa Ɗaya, Lokaci Biyu

Yau sama za mu ɗaga kai, mu duba wata tambaya da matafiya da masu rakiya suka sha yi. Duk wanda ya taɓa riƙe tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa mai yiwuwa ya lura cewa awannin zuwa ba su cika zuwa daidai da na dawowa ba. Jirgi ɗaya, kamfani ɗaya, garuruwan ba su matsa ko taku ɗaya ba, amma a tafi a awa 8 a dawo a awa 7. Za mu ɗora bayaninmu a kan hanyar Landan ta Ingila zuwa New York ta Amurka, domin tana cikin hanyoyin ƙetare teku mafiya cunkoso a duniya, kuma an fi shekara 60 jiragen fasinja na zamani suna bin ta. Abin da nake so mu tabbatar kafin mu rabu shi ne, nisa kashi ɗaya ne kawai na abin da ke yanke tsawon tafiya. Sauran yana hannun iska, da dokokin kiyaye rai, da halin da mutanen ƙasa suke ciki. Jinkirin da iska da kiyaye rai suka jawo yana da hujja, ya kamata mu karɓe shi da fahimta. Wanda yaƙi da rikicin mulki suka jawo kuwa asara ce da 'yan Adam suka ɗora wa junansu, kuma ta taɓa aljihun alhazanmu.

Mu fara da lissafin da ɗan firamare zai iya yi. Tsakanin filin jirgin Heathrow na Landan da filin John F. Kennedy na New York akwai kimanin kilomita 5,540 ta hanya mafi gajarta. Manyan jiragen fasinja na yau, idan suka kai tsayin kilomita 10 zuwa 12 suka daidaita, suna keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa. A raba 5,540 gida 900, za a samu kimanin awa 6 da minti 10. Da lissafi kaɗai ke aiki, da abin da za a rubuta a tikiti ke nan, zuwa da dawowa. Amma jadawalin kamfanoni yakan ba mai barin Landan kusan awa 8, mai dawowa kuma kusan awa 7. Tambayoyi biyu ke nan: daga ina ƙarin ya fito, kuma me ya sa bai zo daidai a ɓangarorin biyu ba? Mutane da yawa kan yi saurin yanke hukunci, su ce matuƙin ne bai taka ba, ko kamfanin ne ke zagaye don wata manufa tasa. Wannan zato ba shi da ƙafar tsayawa, domin kowane minti da jirgi ya ƙara a sama mai yake sha, kuma man jirgi na cikin manyan abubuwan da ke cinye kuɗin kamfani. Ba wanda zai ƙona dukiyarsa haka siddan.

Abu na farko da ke ruɗar mu shi ne taswira. Fasinjan da ke kallon ɗan allon nan da ke maƙale a bayan kujerar gabansa zai ga jirgi ya bar Landan ya nufi arewa maso yamma, ya ratsa ta kan Ireland, ya yi baka a kan Tekun Atilantika, ya ɓullo ta Newfoundland a gabashin Kanada, sannan ya gangaro ta wajen Boston. Alhali New York tana kudu da Landan sosai, kusan layi ɗaya take da Madrid ta Sifen. Ido zai ce an yi zagaye. To amma duniya dunƙulalliya ce, taswira kuwa shimfiɗaɗɗiyar takarda, kuma ba a shimfiɗa dunƙulallen abu a takarda ba tare da wani sashe ya buɗe fiye da ƙima ba. Taswirar da aka fi sabawa da ita ta samo asali daga wadda Gerardus Mercator ya zana a 1569 don amfanin masu jirgin ruwa, kuma tana kumbura ƙasashen can arewa. A cikinta Greenland kan yi kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. Malamin makaranta da ke sauraronmu zai iya gwada wannan gobe a aji. Ya ɗauko dunƙulalliyar taswirar nan mai juyawa, yaro ɗaya ya danne bakin zare a kan Landan, wani ya ja ɗaya bakin zuwa New York har zaren ya miƙe tamau. Zaren zai haura ta arewa ya bi ta Newfoundland, domin nan ce hanyar da ta fi cin zare kaɗan. Jirgin da ya bi layin da ya yi kama da miƙaƙƙe a takarda zai ƙara wa kansa sama da kilomita 200.

Mai sauraro zai iya cewa, mun yarda, amma ai wannan gajeriyar hanya ɗaya ce ko daga wane ɓangare aka taso, ba ta bayyana bambancin zuwa da dawowa ba. Haka ne, kuma a nan ne iska ta shigo maganar. A daidai tsayin da jirage ke tafiya akwai wani kogin iska mai tsananin gudu da ke kwarara daga yamma zuwa gabas, ta kan Amurka ta Arewa da Atilantika da Turai da Asiya. Faɗinsa kan kai ɗaruruwan kilomita, kaurinsa 'yan kilomita kaɗan, gudunsa kuma yakan kai kilomita 150 zuwa 250 a awa, a tsakiyar hunturu har ya zarce 300. Abin da ke haifar da shi shi ne gamuwar iska mai ɗumi ta yankunan zafi da iska mai sanyi ta ƙuryar arewa, haɗe da juyawar duniya da ke karkatar da iskar ta nufi gabas. Shi ya sa ya fi ƙarfi da hunturu, lokacin da ratar zafi da sanyi ta fi faɗi. Wani masanin yanayi ɗan Japan, Wasaburo Oishi, yana cikin waɗanda suka fara auna shi a shekarun 1920, yana sakin balan-balan yana bin tafiyarsu da na'ura. Daga baya matuƙan jiragen yaƙi suka ci karo da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, injinansu na ta ruri amma da ƙyar jiragen ke ci gaba.

Duk wanda ya san kogi ya san yadda abin yake. Mai kwale-kwale a Kogin Kwara idan ya bi ruwa ya gangara, ƙarfin damtsensa da na ruwa haɗuwa suke yi, idan kuwa ya juyo yana haurawa sai ruwan ya cinye wani kaso na wahalarsa. Gudun kilomita 900 ɗin nan gudun jirgi ne a cikin iskar da ke ɗauke da shi, abin da yake ci a doron ƙasa kuma ya danganta da inda iskar ta dosa. Mu ɗauka, don misali, iska na gudun kilomita 150 a awa tun daga farkon hanya har ƙarshe. Jirgin da ya taso daga New York, iska na tura shi ta baya, zai riƙa cin kilomita 1,050 a awa, ya isa a awa 5 da minti 17. Wanda ya taso daga Landan, iska na dukan hancinsa, zai riƙa cin 750, ya isa a awa 7 da minti 23. A lura da wani abu a nan. Idan aka haɗa zuwa da dawowa an yi awa 12 da minti 40, alhali da babu iska ko kaɗan awa 12 da minti 19 za a yi. Abin da iska ta ƙwace a zuwa ya fi abin da ta mayar a dawowa, domin jirgi ya fi daɗewa yana fama da ita a gaba fiye da yadda yake morar ta a baya. Wannan ne ya sa mai zuwa yamma yake kauce mata ko da hanyarsa za ta ƙara tsawo, mai zuwa gabas kuma yake neman tsakiyarta.

Tarihi ya ba da shaida tun ranar farko. A ranar 4 ga Oktoba 1958 kamfanin BOAC na Birtaniya ya buɗe jigilar fasinja a kan Atilantika da jirage masu injin jet, samfurin Comet 4 guda biyu, ɗaya daga Landan ɗaya daga New York. Wanda ya taso daga New York ya isa Landan kai tsaye a awa 6 da minti 12. Wanda ya taso daga Landan sai da ya sauka a Gander ta Newfoundland ya sha mai, tafiyarsa ta haura awa 10. Shekara 61 da 'yan watanni bayan haka, a daren 8 wayewar 9 ga Fabrairu 2020, guguwar da aka sa wa suna Ciara ta ƙara wa kogin iskar nan ƙarfi, sai wani jirgin British Airways samfurin Boeing 747 ya taso daga New York ya sauka Heathrow cikin awa 4 da minti 56. A wani lokaci gudunsa a kan ƙasa ya haura kilomita 1,300 a awa, amma a cikin iskar da ke ɗauke da shi gudunsa na kullum yake yi, injinsa bai yi wani abin a zo a gani ba. Jiragen da suka nufi yamma a lokacin kuwa da wannan iskar suka yi ta fama. Nisan bai ragu ko ƙaru da taku ɗaya ba.

Saboda wannan iska ba ta zama wuri ɗaya, yau ta haura arewa gobe ta gangaro kudu, hanyar ma ba ta zama ɗaya. Shekara da shekaru, cibiyoyi biyu na masu kula da zirga-zirgar jirage, ɗaya a Gander ɗaya a Prestwick ta Scotland, suke duba hasashen yanayi su zana layukan da jirage za su bi a kan teku. Na Gander su tsara wa masu zuwa Turai da dare, na Prestwick su tsara wa masu zuwa Amurka da rana. Kowane jirgi ana ba shi layinsa da tsayinsa da gudunsa, a bar tazara tsakaninsa da na gabansa. Ba kowa ne zai samu layi mafi daɗi ba, dole wani ya haƙura da na gefe ya ƙara 'yan mintuna. Haka kuma jirgi mai inji biyu doka ta wajabta masa kada ya yi nisan da ya wuce ƙima da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu. Waɗannan mintuna su ne kuɗin da ake biya don kada jirage biyu su haɗu a wuri ɗaya a tsakiyar teku.

Akwai wata hujja da ake yawan ji, kuma a kunne tana da daɗi. Ana cewa tun da duniya na juyawa daga yamma zuwa gabas, ai mai zuwa yamma New York ce ke tahowa ta tarye shi, ya kamata ya riga mai zuwa gabas isa. Amsa ita ce iskar da ke lulluɓe da duniya tare da ita take juyawa, haka jirgin da ke ajiye a fili, kuma tashinsa ba ya raba shi da wannan juyi. A wajen Landan doron ƙasa yana juyawa da gudun sama da kilomita 1,000 a awa. Da iska tsayawa take yi ƙasa na wucewa ta ƙarƙashinta, da guguwar da za ta riƙa kaɗawa ba ta bar gini ko ɗaya a tsaye ba. Jirgi mai saukar ungulu da ya tsaya cak a saman Kano na awa ɗaya, a Kano zai sauko. Kuma abin da ake gani kullum kishiyar wancan zato ne, mai zuwa yamma shi ne ke daɗewa. Sai dai kada a ɗauka cewa ko'ina a duniya zuwa gabas ya fi sauri. A yankinmu na Sahel, da damina, iskar can sama daga gabas take tasowa ta nufi yamma. Kowace hanya da irin iskarta, kowane lokaci na shekara da nasa hali.

Wani zai ce, to idan iska ta rage wa jirgi gudu, me zai hana matuƙi ya ƙara wuta? Jiragen fasinja sun riga sun kusa iyakar da aka ƙera su a kai. A tsayin da suke tafiya gudun sauti kimanin kilomita 1,060 ne a awa, su kuma suna yin kusan kashi 85 cikin 100 na wannan. Da zarar jirgi ya ƙara matsawa kusa da gudun sauti, turjiyar iska a jikinsa sai ta yi tsalle, shan mai ya ƙaru ƙwarai don ribar 'yan mintuna. An taɓa gwada tsallake wannan iyaka. Jirgin Concorde, wanda Birtaniya da Faransa suka haɗu suka ƙera, yana ninka gudun sauti sau biyu, yana haɗa Landan da New York a kusan awa 3 da rabi, kuma a ranar 7 ga Fabrairu 1996 ya yi tafiyar New York zuwa Landan a awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. Amma kujeru 100 kawai yake ɗauka, yana shan kimanin lita 25,000 na mai a awa, tikitinsa sai attajirai, ƙararsa kuma ta sa ba a barin sa ya yi wannan gudu a kan garuruwa. Bayan hatsarin da ya yi kusa da Paris a watan Yuli 2000, inda mutum 113 suka rasu, da raguwar fasinjoji, aka ajiye shi a 2003. Duniya ta zaɓi jirgin da zai ɗebi ɗaruruwan mutane da kuɗin da za su iya biya, shi ya sa tsawon tafiyar New York zuwa Landan a yau bai bambanta sosai da na 1958 ba.

Saura ƙarin da ke fitowa daga ƙasa. Lokacin da ke kan tikiti yana farawa ne daga sa'ad da aka tura jirgi baya daga inda fasinja suka shiga, ya ƙare sa'ad da ya tsaya cak a inda za su fita. A filin Kennedy da yamma, jirgi kan shafe minti 20 ko 30 yana bin layi kafin ya samu titin tashi. Heathrow kuwa, duk yawan jiragenta, titi biyu kawai gare ta, don haka idan jirage suka yi yawa sai a tara su a wurare huɗu da ke kewayen Landan, Bovingdon da Lambourne da Biggin Hill da Ockham, suna shawagi hawa-hawa, na ƙasa ya sauka na sama ya gangaro ya maye gurbinsa. An kuma taƙaita sauka kafin ƙarfe 6 na safe saboda barcin mazauna unguwannin kusa, don haka jirgin da iska ta kawo da wuri yana iya tarar da ba a shirya karɓarsa ba. A nan akwai zargin da ke da ƙamshin gaskiya: kamfanoni na ƙara mintuna a jadawali don a ce suna isa kan lokaci, tun da a ƙa'idar da aka saba jirgin da bai makara da minti 15 ba ana lissafa shi cikin masu cika alkawari. Suna yin haka, ba shakka. Amma mu auna ɓangaren fasinja. Wanda zai canza jirgi ya fi amfana da jadawalin da ya yi la'akari da ranar cunkoso da ranar iska, fiye da wanda aka gina a kan rana mafi sa'a. Alkawarin awa 8 da aka cika ya fi na awa 7 da ake saɓawa kullum.

Sai agogo, wanda ya fi komai ruɗar iyalan da ke jiran waya. Kowane lokaci da aka rubuta a tikiti agogon garin da abin ya faru ne. Landan tana gaban New York da awa 5 a mafi yawan shekara. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na safe a Landan ya sauka ƙarfe 1 na rana a New York, a ido awa 3 ya yi, a gaskiya 8. Wanda ya tashi ƙarfe 7 na yamma a New York ya sauka ƙarfe 7 na safe a Landan, a ido awa 12, a gaskiya 7. Haka abin yake a tafiyar da muka fi sani. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, don haka jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 a sama zai sauka Jidda ƙarfe 5 na asuba a agogonsu, alhali a gida ƙarfe 3 na dare ne. Mai shan maganin ciwon suga ko hawan jini a ƙayyadadden lokaci yana bukatar ya san wannan tun kafin ya hau.

Duk abubuwan da muka lissafa zuwa yanzu, ko dai halittar Allah ce ko tsari ne na kiyaye rai. Akwai na ƙarshe wanda ya bambanta da su. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta kafa dokokin sufurin sama na duniya, ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko da sararin samaniyar da ke kanta. Hanyar Landan zuwa New York ta yi sa'a, mafi yawanta teku ne, ƙasashen da ke bakinta kuma suna zaman lafiya da juna. Wasu hanyoyin ba su samu wannan sa'a ba. A ƙarshen Fabrairu 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, ƙasashen Turai suka rufe wa jiragen Rasha samaniyarsu, ita ma ta rama. Jirgin Finnair da ke zuwa Tokyo daga Helsinki a kimanin awa 9 ta kan Saibiriya ya koma yin kusan awa 13. Awa 4 na mai da albashin ma'aikata da gajiyar fasinja, kuma babu iskar da ta jawo su.

Wanda zai ce wannan labarin Turawa ne, ya tuna 2023. Tsakanin Kano da Jidda akwai kimanin kilomita 3,400, kuma miƙaƙƙiyar hanyar ta bi ta yankin Tafkin Chadi ne, ta ratsa Chadi da arewacin Sudan, ta ƙetare Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa da raƙuma, wasu su yi shekaru a hanya, wasu su zauna a Sudan har zuriyarsu na can yau. Jirgi ya mayar da ita tafiyar awa 4 da rabi zuwa 5. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, aka lalata jirage a filin jirgin Khartoum, aka rufe samaniyar ƙasar ana saura 'yan makonni a fara jigilar alhazai. Dole jirage suka riƙa kewaye Sudan, tafiya ta ƙaru da awanni, kamfanonin jigila kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Manomin da ya sayar da shanunsa da amfanin gonarsa ya biya kuɗin kujera, wanda bai san komai game da rigimar janar-janar na Khartoum ba, sai ga rigimar ta iso har cikin lissafin guzurinsa. Ba a jima ba, a ranar 6 ga Agusta na shekarar, Nijar ta rufe nata sararin bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa farkon Satumba. Da yake jirage da yawa sun riga sun daina bin Libiya da Sudan, masu zuwa Najeriya da kudancin Afirka daga Turai suka koma yin dogon zagaye.

Wani zai tambaya, jirgin da ke tsayin kilomita 11 me ya haɗa shi da masu harbi a ƙasa, me zai hana ya ratsa kawai? An taɓa yin wannan lissafi, kuma an ga ƙarshensa. A ranar 17 ga Yuli 2014 jirgin Malaysia Airlines da ya taso daga Amsterdam zuwa Kuala Lumpur yana tsayin kusan kilomita 10 a kan gabashin Yukren, makami mai linzami ya kakkaɓo shi, mutum 298 suka rasu, ba wanda ya tsira. Don haka matuƙin da ya kauce wa fagen yaƙi ya yi daidai, hukumar da ta hana shi bi ta yi daidai. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Laifin tsawon tafiyar yana wuyan waɗanda suka kunna wutar da ake kaucewa.

Saboda haka, jama'a, idan tafiya ta kama, a duba tsawon awannin da aka rubuta, kada a dogara da debe lokacin tashi daga na sauka. A gaya wa na gida bambancin agogo don kada hankalinsu ya tashi a banza. Mai canza jirgi ya bar wa kansa tazara mai yawa, mai shan magani ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokutansa kafin ranar tafiya. Idan matuƙi ya sanar cewa za a ƙara minti 30 saboda iska ko cunkoso ko kauce wa hadari, a sani rayukan da ke cikin jirgin yake karewa, har da nasa. Ga shugabanninmu na wannan yanki kuma, ku sani duk ƙasar da ta rasa zaman lafiya ba ita kaɗai ke biyan kuɗinsa ba, maƙwabta na biya, har maniyyacin da ke wucewa ta samanta yana biya. Allah Ya kawo wa Sudan da sauran ƙasashenmu dawwamammen zaman lafiya, Ya kai matafiyanmu lafiya Ya dawo da su lafiya.